Yadda ake sabunta daɓen siminti da kaka a Jos, kafin hunturu ya kankama

Da zarar ruwa ya fara janyewa a Jos, tambayar da masu gida suka fi yi mini ita ce ta daɓe. Wani tsakar gidansa ce ta zaizaye har yashi na bin tsintsiya, wani barandarsa ce ta yi baƙi ƙirin da gansakuka yara na zamewa, wani kuma gaban shagonsa ne ya tsattsage. Duk abu ɗaya suke son ji: sai an fasa an sake sabo, ko za a iya ɗora wani a kai? Kuma wane lokaci ya fi dacewa?

In ƙasan daɓen lafiya yake, ana ɗorawa. Lokacin da na fi so kuwa shi ne ɗan tsakanin nan daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Nuwamba. Ruwan sama ya ɗauke ko yana gab da ɗaukewa, rijiyoyi a cike suke, iska ba ta gama bushewa ba, sanyin Disamba da Janairu kuma bai sauko ba. Siminti da ruwa yake yin ƙarfi, don haka duk abin da zai kwashe masa ruwa da wuri, rana ce ko iska, cutarsa yake yi, sanyi kuma yana jinkirta shi. Da wannan za ka auna kowane mataki da ke ƙasa.

1. Fara da binciken tsohon daɓen

Ɗauki guduma ka bi daɓen kana ƙwanƙwasawa a hankali, taku bayan taku. Inda ya yi ƙara mai kauri, lafiya. Inda ya yi amo kamar ganga, ya rabu da ƙasansa, sai ka zagaye wurin da gawayi ko alli domin a fasa shi.

Sannan ka duba tsagar. Siririya wadda ɓangarorinta biyu suke daidai ba matsala ba ce. Amma in gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu, ko tsagar tana ƙara buɗewa duk damina, ko wani sashe ya nutse, to ƙasar da ke ƙarƙashi ce ke motsi. Ko ruwa na shiga ta ƙasa, ko ba a danne cikon da kyau ba tun farko, ko saiwar bishiya ce ke ɗagawa.

Gargaɗi: kada ka ɗora sabon daɓe a kan wanda ke motsi. Tsagar za ta fito ta sama a daidai inda take. Irin wannan wurin fasawa ake yi, a gyara ƙasa, a danne, a sake zubi. In abin da ka zagaye ya kai kusan rabin filin, ka haƙura da ɗori, ka fasa duka.

2. Zaɓen rana da sa'a

Nan ne yanayi ke shigowa, kuma nan ne masu gida suka fi barin magana a hannun magini, alhali shi burinsa ya gama ya tafi wani aikin.

Abu na farko ruwan sama. A Jos ruwa kan yi bankwana cikin Oktoba, amma ba ya tafiya lokaci guda. Sai a yi kwana huɗu ko biyar garau, rana ta shida hadari ya taso da la'asar. Sabon daɓe kuwa a sa'o'insa na farko ba ya jure ruwan sama: yana wanke simintin da ke sama ya bar yashi tsirara. Ka bi hasashen da hukumar yanayi ta ƙasa, NiMet, ke fitarwa kullum, ka nemi aƙalla kwana biyu da ba a sa ran ruwa. Duk da haka ka sayi leda mai faɗi da za ta rufe filin gaba ɗaya, ka ajiye ta kusa, da duwatsu ko bulo na dannewa.

Abu na biyu iska, kuma ita na fi tsoro. Daga tsakiyar Nuwamba iskar arewa maso gabas takan fara kaɗawa, busasshiya, mai fasa leɓe. A garin da ke kan tudu kamar Jos, wanda tsayinsa daga teku ya kai kimanin mita 1,200, iskar na da ƙarfi, musamman a buɗaɗɗun unguwanni na wajen gari irin su Rayfield da gefen Bukuru. Sanyin gari kan yaudari mutum ya ɗauka daɓe ba zai bushe da sauri ba. Ba haka ba ne. Iskar tana zuƙe ruwan saman kwaɓi tun ƙasansa na ɗanye, saman ya tsuke, sai ka ga ƙananan tsaga sun bayyana tun magini bai wanke cokalinsa ba. In ranar da aka sa ta zo da iska mai ɗaga ƙura, a ɗage aikin, ko a kafa kariya da kwanon rufi, tabarma ko zana ta ɓangaren da take fitowa.

Abu na uku sanyin dare. In awon zafi ya sauka ƙasa da digiri 10, siminti na jinkirin kamawa sosai, in ya kusa digiri 5 kuwa kusan tsayawa yake yi. Daren Jos a Disamba da Janairu na iya sauka ƙasa da 10. Ba ƙanƙara muke tsoro ba kamar mutanen Turai, jinkirin muke tsoro, domin mai gida zai ga saman ya yi fari ya zaci ya yi ƙwari, ya shigo da mota, alhali cikinsa bai nuna ba.

Saboda haka a Jos na fi son a fara zubi da hantsi, wajen ƙarfe takwas zuwa tara, bayan raɓa ta kau, a gama kafin la'asar domin daɓen ya samu ɗumin rana ya kama kafin dare. Wanda ke Abuja lissafinsa daban ne. Can zafi ne matsalar ko da kaka, sai a fara da sassafe bayan asuba, ko a bari sai rana ta yi sanyi.

Gargaɗi: kada a sa zubi ranar Juma'a sai in an tabbata za a gama kafin a tafi masallaci. Kwaɓin da aka bari rabi aka dawo bayan sa'a biyu ba ya haɗewa da sabo, wurin haɗin zai zama tsaga. Kuma ka kama magini da leburori da wuri, domin kaka ce, da yawansu suna gona.

3. Kayan aiki da lissafin kuɗi

Za ka bukaci guduma da ƙarfen sassaƙa, burushin ƙarfe, tsintsiyar kwakwa, shebur, baro, kwanon sarki, cokalin gini, katakon shafe, miƙaƙƙen katako mai tsawon mita biyu zuwa uku, igiya, siririn tiyo na awon ruwa, leda, da buhunan algarara. Katako da ƙusa ana samu a kasuwar Katako. Ga masu aiki kuma safar hannu, takalmin roba da takunkumi. Ɗanyen siminti na cin fata, wanda ya wuni cikinsa da silifa zai kwana da gyambo.

Siminti buhun kilo 50 ne, kuma buhu ɗaya kwano biyu ne. Ko Dangote ne, ko BUA, ko na Ashaka, duba lambar da ke jikin buhun. Akwai 32.5, akwai 42.5. Na biyun ya fi ƙarfi, kuma in da harafin R a ƙarshen lambar (42.5R) yana saurin yin ƙwari, abin da ke taimakawa a garin sanyi. Shi nake ba da shawara ga tsakar gida da inda mota ke hawa.

Gargaɗi: simintin da ya kwana a shago tun damina yakan sha danshi. Danna buhun da hannu kafin ka biya. In akwai dunƙulen da ba ya murjewa da yatsa, ka bar shi. A gida a jera shi kan katako, nesa da bango.

Ga misalin lissafi. Tsakar gida mai mita 5 da mita 6, wato murabba'in mita 30, in za a ɗora mata kaurin santimita 4 (inci ɗaya da rabi kenan) da kwaɓin siminti ɗaya yashi uku, za ta ci kimanin buhu 11 da yashi kwano 66. Ƙara buhu biyu na ruwan simintin da ake goga wa tsohon daɓe kafin zubi da na cike ramuka, ya zama 13. Farashin siminti ba ya zama wuri ɗaya, a farkon 2024 ya haura naira 10,000 a wurare da dama, don haka ka tambayi farashin ranar ka ninka da kanka. A kan wannan sai ka ɗora kuɗin yashi da dakonsa, ladan magini da leburori, leda, da ruwa in saye kake yi. Ka kuma ware kuɗin wanda zai riƙa ban-ruwa na mako guda in ba ka da mai yi a gida. Wannan ne kuɗin da kowa ke mantawa.

Yashi kuma ya zama mai kaifi, na rafi, ba mai laushin da ake shafen bango da shi ba. Yashin da aka ɗebo bayan damina sau da yawa cike yake da laka. Gwada shi: zuba rabin kwalba, cika da ruwa, sa ɗan gishiri, girgiza, ajiye sa'a uku. Lakar za ta kwanta a saman yashin. In kaurinta ya kusa kashi ɗaya cikin goma na yashin, mayar da shi. Araha ba ta ado.

4. Shirya tsohon daɓe

Rabin aikin nan ne, kuma ranarsa daban, ba a haɗa shi da ranar zubi.

A fasa duk inda aka zagaye har a kai ga mai ƙwari. A kankare gansakuka da burushin ƙarfe, a wanke da ruwan bilic, a ɗauraye sosai. Bayan marka irin ta Jos, gansakuka na shiga ƙofofin siminti, in aka rufe ta a ciki, sabon daɓen a kanta zai zauna maimakon kan siminti. Inda man inji ko baƙin mai ya zuba, kamar gareji ko wurin janareta, da inda ake girki manja ya sha wurin, a wanke da omo da ruwan zafi. Yayyafa ruwa ka gani: in ya tsaya ƙwaya-ƙwaya bai shiga ba, har yanzu da mai, a sassaƙe wurin. Fenti ma a kankare shi.

Daga nan a sassare fuskar daɓen gaba ɗaya da guduma da ƙarfe, sara kusa da sara, har ta yi kaushi tsakuwar ciki ta fara leƙowa. Leburori kan yi sara ɗaya nan, ɗaya can da tazarar taki guda, su ce an gama. Ba a gama ba. Sabon siminti ba ya kama sumul, kuma mafi yawan daɓen da ke ɓamɓarewa bayan shekara ɗaya daga nan aka cuce shi. Tsaya a kansu.

Siraran tsaga a buɗe bakinsu kaɗan, a share, a cike da kwaɓi mai ƙarfi. Ramuka masu zurfi a cike su kwana ɗaya ko biyu kafin zubi, domin kaurin sabon daɓen ya zo daidai ko'ina.

Gargaɗi: ƙurar siminti na illa ga huhu. In da injin gurza ake aiki, a jiƙa wurin, a sa takunkumi.

A ƙarshe a share, a wanke, sannan a jiƙa daɓen sosai tun daren jajibirin zubi. Da safe ana son a same shi da danshi, launinsa ya yi duhu, amma babu ruwa kwance. Busasshen daɓe yana tsotse ruwan sabon kwaɓi ta ƙasa yayin da iska ke tsotsa ta sama. Ruwa kwance kuma yana tsinka kwaɓin a daidai inda ake son ya kama. In akwai inda ya taru, a share da tsintsiya ko a tsane da buhu.

5. Awo da gangara

Da tiyon awo a fitar da tsayin da ake so a bango, a ja igiya. A ba daɓen gangara ta santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, daga jikin gini zuwa rariya. Duba inda ruwa ya riƙa kwanciya a daminar da ta wuce, alamarsa na nan, yanzu ne damar gyara shi. Duba kuma ƙofofi da get, kada sabon kaurin ya hana su buɗewa ko ya sa ruwa ya koma ɗaki.

Kauri kada ya gaza santimita 2.5 in siminti da yashi ne zalla, 4 ya fi kwanciyar hankali. In ya kai 5 ko fiye, a sa ƙananan tsakuwa. Inda mota za ta riƙa hawa kuma tsohon daɓen ba shi da ƙwari, kankare sosai ake yi mai santimita 10. Akwai garin gyaran daɓe na musamman da ake shafawa siriri, shi kam sai a bi abin da aka rubuta a jikin buhunsa, kada a kwatanta da siminti na yau da kullum.

Gargaɗi: kada kauri ya sirance ya ƙare a sifili a bakin daɓe. Bakin zai karye. A sassaƙe tsohon a wurin domin sabon ya samu wurin zama.

6. Ruwan siminti da kwaɓi

A dama siminti da ruwa ya yi kauri kamar kunu, a goga shi da tsintsiyar kwakwa ya shiga kowane sara. In aljihu zai iya, a sayi farin ruwan haɗi da ake kira SBR a shagunan kayan gini a gauraya bisa umarnin jarkarsa, yana ƙara kamu ƙwarai.

Gargaɗi: ruwan simintin nan kada ya bushe kafin kwaɓi ya hau kansa. In ya bushe ya zama shamaki tsakanin tsoho da sabo. Da iskar Nuwamba mintuna kaɗan sun ishe shi bushewa, don haka a shafa iya inda za a rufe nan take, a ci gaba a haka.

Kwaɓin kuwa buhu ɗaya da yashi kwano shida. In da tsakuwa, buhu ɗaya, yashi huɗu, tsakuwa shida. A auna da kwano, kada a yarda da awon shebur. A juya a bushe har launi ya zama ɗaya kafin a zuba ruwa. Ruwa kada ya wuce jarka ɗaya ta lita 25 ga buhu, kuma da yake yashin kaka da danshinsa yake zuwa, sau da yawa bai kai haka ba. Fara da kaɗan. Kwaɓin da ya yi daidai in ka dunƙula a hannu zai tsaya, ba ya zuba, ba ya wargajewa.

Leburori na son kwaɓi mai ruwa-ruwa domin ya fi sauƙin ja. Shi ne kuma ke kawo daɓe mai ƙura da tsagewa. A kwaɓa iya abin da za a ƙarar cikin rabin sa'a zuwa minti 45. Wanda ya fara daskarewa kada a ƙara masa ruwa a farfaɗo da shi, a zubar.

7. Zubi da shafe

A fara daga lungu mafi nisa a yo ta ƙofa. A zuba, a bubbuga ya zauna, a ja miƙaƙƙen katako a kai, a bi da katakon shafe. Daga nan a dakata. Wani ruwa zai taso sama yana sheƙi, a jira ya ɓace kafin shafen ƙarshe. Da sanyin safiya zai ɗan jima, da iska kuma zai ɓace nan da nan, magini ya sa ido.

Gargaɗi: abu biyu magina suka saba yi a nan, duka biyun a hana. Na ɗaya barbaɗa busasshen siminti a sama domin ya tsotse ruwa ya yi sheƙi. Na biyu yayyafa ruwa domin cokali ya yi santsi. Dukansu suna haifar da ɓawo mara ƙarfi da ke tsattsagewa ya ɓare.

Tsakar gida da duk inda ruwan sama ke duka kada a yi musu sumul. A ja tsintsiya a kai sau ɗaya ta bar zane, domin in damina ta dawo kada tsofaffi da yara su riƙa faɗuwa. A kuma yanka layi da bakin cokali duk mita 2.5 zuwa 3, zurfinsa kamar kashi ɗaya cikin huɗu na kaurin. Siminti dole ya tsuke, layin ne ke sa tsagar ta bi inda ka zaɓa. Duk inda tsohon daɓe ke da layin rabuwa, sabon ma a yanka shi a daidai wurin.

8. Ban-ruwa

Magini ya karɓi kuɗinsa ya tafi, saura naka, kuma a nan ake samun daɓe ko a rasa shi. Da zarar saman ya kai yadda yatsa ba ya barin shaida, a yayyafa ruwa a hankali a rufe. Kada a jira gobe. A ranar iska sa'o'in farkon nan ne mafi haɗari.

Hanyar da na fi yarda da ita a Jos ita ce a shimfiɗa jiƙaƙƙun buhunan algarara, a ɗora leda a kai, a danne bakinta ko'ina da bulo yadda iska ba za ta shiga ba. Buhun na riƙe ruwa, ledar na hana shi tashi, su biyun kuma suna riƙe ɗumin da simintin ke fitarwa da kansa, abin da yake bukata da dare. Safe da yamma a ɗaga a sake jiƙawa. In babu buhu, a yi ɗan shinge da yashi a kewaye a tara ruwa a ciki, sai dai wannan na cin ruwa da yawa, kuma ba ya yiwuwa inda gangara take da ƙarfi.

Watsa bokiti ɗaya da safe a tafi ba ban-ruwa ba ne. Cikin sa'a guda iska ta shanye shi, daɓen ya wuni a bushe, kuma jiƙewa da bushewa a kai a kai na sa saman ya yi zane-zanen tsaga. Ana son danshi ne da ba ya yankewa, aƙalla kwana 7. In aikin ya shiga Disamba sanyi ya sauko, a kai shi kwana 10 zuwa 14. A kwana 7 siminti bai wuce kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa ba, sai a kwana 28 ake lissafin ya cika, kuma sanyi na ƙara jan lokacin.

Wannan ne ya sa nake matsa wa mutane su yi aikin da kaka. A Nuwamba rijiya na ba da ruwa a sauƙaƙe. Wanda ya bari sai Fabrairu, da kuɗi zai sayi kowace jarka wurin 'yan garuwa, kuma da ya ga kuɗi na tafiya zai rage ban-ruwan.

Gargaɗi: kada a kwara ruwan sanyi a kan daɓen da ya sha rana tsaka. A daure kaji, awaki da kare a daren farko.

9. In ruwan sama ya rutsa ku, da lokacin takawa

In hadari ya taso ana cikin aiki, a tsaya a layin yanka mafi kusa, a gyara bakin ya miƙe, a ja leda. Kada a ci gaba da shafe cikin ruwa. In ya ɗauke, a janye ruwan da ya kwanta da tiyo ko katako a hankali, kada a cusa shi cikin kwaɓin da cokali. Duba kuma bakin kwanon rufi, domin ruwan da ke zubowa daga indararo ya fi na sama ɓarna, yana haƙa rami a layi. In ruwan ya zo bayan daɓen ya kwana, babu komai, taimako ma ya yi.

Mutum na iya takawa a hankali bayan kwana biyu. Babur da kujeru masu ƙafar ƙarfe su jira mako guda. Ƙaramar mota kwana 7 in gari da ɗumi, kwana 14 in sanyi ya shigo. Tifa ko tankar ruwa kada ta hau sai bayan kwana 28, shi ma in kaurin na ɗaukar nauyi ne. Fenti ko tayil kuma a bari sai daɓen ya cika wata guda. Kafin a sa, manna leda mai faɗin taki ɗaya a kai da salatif ta kwana. In da safe ka ga gumi a ƙarƙashinta, ƙara masa mako guda ka sake gwadawa.